Littafin takarda ko na waya: wanne za ki bai wa ƙanwarki?

'Yar'uwa, kin ce ƙanwarki da ke aji biyar na sakandare a Pantami ta kamu da son littattafan soyayya, kina tambaya ko ki nemo mata tsofaffin na takarda ko ki ƙyale ta da waɗanda ake turawa a WhatsApp da Wattpad. Duka biyun na sha karantawa, kuma a ganina bambancinsu yana farawa ne tun daga yadda ake rubuta su.

Na takarda, waɗanda 'yan boko suka laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano, sun yi tashe daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa farkon 2000, kodayake tun a 1980 kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Yawanci marubuci shi ke biyan maɗaba'a daga aljihunsa, 'yan kasuwa su saro a Sabon Garin Kano su kawo mana Gombe, mu kuma mu karɓo haya mu cusa cikin littafin lissafi. Takarda kuɗi ce, don haka dole a taƙaita. Ko an raba labarin na ɗaya, na biyu da na uku, mai shi ya san inda zai sauka kafin ya kai aikin bugu. Idan kin gama, kin gama, ki tashi ki ɗora girki.

Na waya kuwa ana rubuta shi ne ana karantawa. Marubuciya ta saki shafi yau, zuwa dare masu karatu sun cika ta da "Anti a taimaka a ƙara mana", wasu na rantsuwa sai an saki kishiyar nan. Ita ma mutum ce, sai ta karkata inda ihu ya fi yawa. Shi ya sa za ki ga labarin da ya kamata ya ƙare a ɗaurin aure an ja shi: a sace amarya, ango ya manta kowa bayan hatsarin mota, a tono wata tsohuwar budurwa daga Dubai. Sai kin yi nisa, zuciyarki ta rataya, a ce shafukan kyauta sun ƙare, ki tura kuɗi da shaidar biya. Ban ga laifin biyan ba, guminta ne, kuma masu fitar da littafin kuɗi suna yaɗawa ba su kyauta ba. Abin da ke ci mini rai shi ne inda ake yanke labarin, sau da yawa daidai ƙofar ɗakin amarya.

Nan ne maganar ƙanwarki ta shigo. Na takarda ma sun sha zargin ɓata tarbiyya, har ƙona wasu aka yi a Kano a 2007, ga kuma hukumar tace finafinai da ɗab'i da jihar ta kafa tun 2001. Amma mafi yawansu a wasiƙa da zance a zaure suke tsayawa. Na waya ba shi da mai tacewa. Rubuta "na matan aure ne" a saman shafi bai taɓa hana budurwa buɗewa ba, ƙara mata ƙaimi ma yake yi, ga tallan kayan mata a tsakiyar labari.

Kada ki ɗauka tsofaffin duk zinare ne. Jarumarsu haƙuri kawai ta iya, a yi mata auren dole ta yi ta kuka har ciwon zuciya ya kwantar da ita, kurakuran bugu kuma ba a magana. Jarumin na waya shi ma nasa ciwon daban: miskili ne, soja ko likita ko ɗan sarki, ba ya dariya, yana wulaƙanta yarinya shafi bayan shafi, a ƙarshe a ce wai so ne. Wannan ya fi batsar ba ni tsoro, don yarinya za ta iya tashi da tunanin cewa tsawa da harara alamar ƙauna ce.

Inda na waya ya yi zarra shi ne hira da ƙarfin hali. Mutanen ciki suna magana kamar yadda muke yi a gidan biki, kuma akwai marubutan da suka taɓo sikila da gwajin jini kafin aure, fyaɗe, shaye-shayen matan aure da rayuwar zawarawa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Irin waɗannan sun sa ni kuka na gaske. Sai dai Hausar takan sha wuya, rabi Turanci, babu ƙugiya, babu aya.

Da ƙanwata ce, da na takarda zan fara mata, ko gajerun labaran gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016. Na waya kuma sai wanda aka riga aka kammala, ki fara karanta shi da kanki, musamman shafukan da ke bayan inda aka ce a biya.