Katun ɗin da na karɓo wa yara, ashe ba nasu ba ne

Duk wanda ya ce maka The Boondocks katun ɗin yara ne, to ko dai bai kalla ba, ko kuma kuɗinka kawai yake so. Da wannan zan fara, domin har yanzu abin yana ci mini rai. Lokacin hutun makaranta na ɗauki filashi na je wurin mai turin finafinai na ce ya zuba wa yara katun masu kyau. Ya nuno mini hoton wasu yara biyu baƙaƙen fata, ɗaya da tulin suma, ɗaya da kitso, ya ce, "Yallaɓai wannan za ka kai musu, akwai faɗa irin na katun ɗin Japan." Na biya abin da aka saba biya na taho.

Bayan isha'i muka jona a talabijin, yara sun jeru a kan tabarma. Ba a je ko'ina ba sai ga wani tsoho yana motsa jiki a gaban talabijin ɗinsa babu sutura, ga ashariya tana fita kamar ruwan famfo. Uwargida ba ta kama Turancin Amurkawa sosai, amma ido ba ya buƙatar tafinta. Ta dube ni ta ce, "Malam, wannan kuwa na yara ne?" Na tashi na zare filashin, ƙaramarsu ta sa kuka. Wallahi ranar na kwana da haushin yaron shagon nan.

Kwana biyu bayan haka na buɗe shi a kwamfuta da niyyar gogewa. Na ce bari dai in ga ko mene ne. Ban rufe ba sai wajen ƙarfe biyun dare.

Labarin wani dattijo ne, Robert Freeman, da ya kwashi jikokinsa biyu daga kudancin birnin Chicago ya koma da su Woodcrest, unguwar masu hali da kusan duk mazaunanta farar fata ne. Huey, ɗan shekara 10, ba ya dariya, kullum yana cikin karatu da tunanin halin da baƙar fata ke ciki. Sunansa ma daga Huey P. Newton aka ɗauko, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar fafutukar baƙar fatar Amurka ta Black Panther a 1966. Ƙaninsa Riley mai shekara 8 kuwa babu abin da ke kansa sai ya zama ɗan daba irin na waƙoƙin gambarar zamani. Na yi mamaki da na gano mace ɗaya ce, Regina King, take yin muryar su biyun. Aaron McGruder ne ya ƙirƙiro su, tun suna zanen barkwanci da ya shiga jaridun Amurka a 1999, kafin a mai da su shirin talabijin a watan Nuwamba na 2005 a Adult Swim, wato ɓangaren Cartoon Network na dare da aka ware wa manya. Na manya! Da yaron shagon ya san wannan kaɗai da bai jefa ni a kunya ba.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhin kashi ɗaya ne tak, na 9 a zangon farko. A can aka ɗauka cewa harbin da aka yi wa Martin Luther King, jagoran fafutukar haƙƙin baƙar fata a Amurka, a birnin Memphis a 1968 bai kashe shi ba, doguwar suma ya yi, sai ya farfaɗo bayan shekara 32. Ya fito duniyar da ya ba da jininsa dominta, ya tarar ana tallar kaya da hotonsa. Da aka kai harin 11 ga Satumba aka tambaye shi a talabijin, ya ce shi addininsa ya koya masa ka so maƙiyinka, kada ka rama. Shi ke nan aka yi masa ca, aka kira shi maci amanar ƙasa, mutumin da jiya ake sa wa tituna sunansa. Tun daga nan jikina ya yi sanyi, don na san haka mutane suke: gwarzo yana da daɗin yabo ne idan ba ya nan balle ya yi magana.

Huey ya lallashe shi su kafa jam'iyyar siyasa ta baƙar fata. Aka kira taro, sai taron ya rikiɗe ya koma gidan casu, ana rawa, ana faɗa, kowa na harkar gabansa. Dattijon nan ya hau mumbari yana ta neman a saurare shi, babu wanda ya ko waiwayo. Sai da ya ɗaga murya ya kira su da kalmar nan ta cin mutunci da masu bautar da kakanninsu suke kiransu da ita, sannan wurin ya yi tsit. Daga nan ya wanke su tas. Ya tambaye su ko saboda wannan ya sha duka, ya caccaki BET, tashar talabijin ta nishaɗin baƙar fata, da irin abin da take ciyar da matasa, ya ƙare da cewa shi ya tafi Kanada. Na mayar da wurin baya sau uku. A karo na uku na lura ba dariya nake yi ba, ƙwalla ce ta cika mini ido. Muryar da aka yi masa ta tsoho ce mai rauni, wanda ya gaji, kuma ba ƙiyayya ke cikinta ba. Faɗan uba ne da ya dawo daga doguwar tafiya ya iske 'ya'ya sun sayar da gonar.

An nuna wannan kashin ne ranar 15 ga Janairu, 2006, ranar haihuwar King ɗin, kuma ya raba kan masu kallo. Al Sharpton, fitaccen mai fafutukar haƙƙin baƙar fata, ya nemi a ba da haƙuri kan sa wa King wannan kalma a baki. A ɗaya gefen kuma kashin ya ci lambar yabo ta Peabody. Wani abokin aikina da na tura wa yana bayan Sharpton. Ya ce tonon asirin gida ne a tsakiyar kasuwa, kuma farar fatar da ke kallo ba nasihar za su ɗauka ba, zagin za su haddace. Mun yi musu sosai. Ni a ganina mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma McGruder ɗan gida ne. Bai bar farar fatar ba ma: dubi yadda ya zana attajiri Ed Wuncler da jikansa, wanda ke fashi da bindiga da rana tsaka ba mai taɓa shi saboda arzikin kakansa.

Sai Uncle Ruckus, baƙin mutum wuluk da ya tsani baƙar fata, yake rantsuwa shi Bature ne, wata cuta ce ta rina masa jiki. Shi ya fi kowa ba ni dariya, shi ya fi kowa ba ni tsoro, don na taɓa zama da masu irin wannan ciwon na raina kai.

Duk da haka, da na ci gaba da kallo maganar abokin nan nawa ta riƙa dawo mini. Kalmar nan ta yi yawa. A bakin King ta yi aiki saboda nauyin wurin, amma a wasu kashin ana watsa ta ne kawai kamar gishiri a miyar da ta riga ta ji. Matan shirin kuwa, in ka cire 'yan kaɗan, daga mai kwaɗayin kuɗi sai mahaukaciya, kuma wannan ya dame ni a matsayina na uban 'ya'ya mata. Akwai kashin da babu komai cikinsu sai batsa da doke-doke, na wuce su. Kuma duk sanda Riley ya buɗe baki sai in tuna saura ƙiris ɗana ya same shi a matsayin gwani, domin yaro ba zai gane ana yi wa halin Riley ba'a ba ne, burge shi zai yi.

Babban takaicina shi ne zango na 4, na 2014, wanda aka yi ba tare da McGruder ba. Ko ba a faɗa maka ba za ka ji. Zangon farko uku kashi 15 kowanne, wannan kashi 10 ne, amma sai da na ja kaina kafin na gama. An mai da komai kan bashin da ya yi wa kakan katutu, Huey ya koma ɗan rakiya a gidansu. Fuskokin suna nan, muryoyin suna nan, hankalin ne ya tafi. Ina jin haushinsa kamar yadda nake jin haushin tela da ya karɓi shadda mai tsada ya ɓata. An so a farfaɗo da shirin da hannun McGruder a manhajar kallon finafinai ta HBO Max, sai John Witherspoon mai muryar kakan ya rasu a watan Oktoba na 2019, daga baya aka fasa aikin gaba ɗaya. Wannan ma ya taɓa ni, don rabin daɗin shirin a bakin tsohon nan yake.

Na goge zango na 4, na kwafe sauran ukun a kwamfutata na sa musu lambar sirri. Filashin kuwa na mayar wa yaron shagon, na ce ya zauna ya kalli minti goman farko a gabana. Bai kai ƙarshe ba ya sunkuyar da kai ya ce, "Yallaɓai ka yi haƙuri, wallahi hoton kawai na gani." Na tambaye shi gida nawa ya tura wa a matsayin na yara. Ya ce ba zai iya ƙirgawa ba.