Ruwan SBR a kan tsohon bulon Legas: inda yake aiki da inda kuɗinka za su tafi a banza

Birkilan da ya koyi sana'a a Kano ko Katsina, in ya sauka Legas, filastar gindin bango ce ke fara ba shi kunya. A arewa damina wata huɗu ce zuwa biyar, sauran shekara bango na shan rana yana bushewa. Legas kuwa ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 1,500, damina biyu ce, ga laima a iska kullum, ga gishirin teku. Tsofaffin gidajen bulo na Obalende da Idi-Araba da Ajegunle ciwonsu iri ɗaya ne da na Zangon Kwatano: fenti ya kumbura, farin gari kamar kanwa ya fito a kai, in ka ƙwanƙwasa filastar da bayan cokali ta amsa kamar ganga. A irin wannan bango na yi aiki da ruwan SBR, kuma a kansa zan yi magana.

Ruwa ne fari kamar madara, roba ce aka narkar, ana sayar da shi a jarka, galibi mai lita 5 ko mai lita 20, kamfanoni daban-daban kowa da sunan da ya sa wa nasa. Ana zuba shi a ruwan kwaɓi. Aikinsa biyu ne: yana manne sabon siminti da tsohon bango, kuma in kwaɓin ya bushe robar na toshe ƙananan ƙofofin da ruwa ke bi. Wajen mannewa ban ga na biyunsa ba a cikin abubuwan da talaka zai iya saya. Wajen tare ruwan sama da ke dukan bango daga waje, ya yi. Amma wajen laimar da ke tasowa daga ƙasa, wadda ita ce ta fi kai mutane shagon mai sayar da shi, ba magani ba ne, duk abin da mai shago zai faɗa.

Dalili kuwa, bulo mai rami kamar soso yake. Yana tsotso ruwa daga ƙasa zuwa kusan mita ɗaya, ruwan ya fita ta fuskar bango ya bar gishiri a baya. Gishirin ne ke taruwa a ƙarƙashin filasta yana tura ta har ta ɓamɓare. In ka rufe fuskar waje da kwaɓi mai SBR ba ka tare inda ruwan ke shigowa ba, ruwan bai fasa tafiya ba, hanya kawai ya canja. Ko ya hau sama da inda sabon aiki ya tsaya, ka ga layin laima ya fito daidai kan iyakar, ko ya ɓulla ta cikin ɗaki a bayan gado da kabad. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Masu lika tayil a gindin bango su ma wannan ramin suke faɗawa, nasu ma ya fi muni don tayil ba ya barin komai ya fita.

Saboda haka kafin a buɗe jarka, a zagaya gidan, in da hali lokacin da ake ruwa. Abu na farko, a nemi DPC, wato shimfiɗar da aka yi tsakanin tushe da bango don tare laima. Ya kamata ta ɗara ƙasar waje da aƙalla milimita 150. A tsofaffin unguwannin Legas an sha cike titi ana ɗaga shi, masu gida su ma su cike tsakar gida don kada ruwa ya shigo, har ƙasa ta binne DPC. In haka ne, a tone ƙasar da ta jingina da bango, a yi dakali mai gangara zuwa kwata, faɗinsa ko da santimita 60 ne. Sai a duba indararo da bakin kwano, da bututun banɗaki da ke cikin bango, da kwatar da ta toshe tana kwance a gindin gini. Gidan da tun asali ba a yi masa DPC ba, wannan aiki ne daban na huda bango a ɗura maganin tare laima, SBR ba ya maye gurbinsa.

In an gama da wannan, sai sassaƙa. A cire filasta har zuwa bulo, kuma a wuce inda laima ta tsaya da kamar santimita 30, ba daidai bakin tabon ba. Bulon da ya rube, wanda farce ke iya ƙwaƙulewa, a cire shi a sa sabo, ɗaya bayan ɗaya, kada a buɗe dogon layi lokaci guda a bangon da ke ɗauke da nauyi. Gishirin da ya fito a goge shi da burushin waya a bushe, a share a kwashe. Kada a wanke shi da ruwa, don narkewa zai yi ya koma cikin bulo. A bar bangon tsirara mako biyu ko uku yana shan iska, gishiri na sake fitowa ana sake gogewa. Masu gida ba sa son wannan jiran, amma nan ne rabin aikin yake. Gansakuka da fumfuna kuwa a kashe su da bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi huɗu, a jira su mutu kafin a kankare. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki duka shi ne Disamba zuwa Fabrairu. Ɗan tsagaitawar ruwa ta watan Agusta ba ta isa bango ya bushe ba.

Yashi shi ne inda aka fi cutar mai gida. Wanda aka yaso daga lagun, wato tafkin Legas da ke haɗe da teku, ko bakin teku yana ɗauke da gishiri, in aka yi filasta da shi an dawo da ciwon da aka cire. A nemi yashin kogi mai kaifi. Gwajin lakar da ke cikinsa ba wuya: a zuba shi rabin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye ya kwana. Laka za ta kwanta a saman yashin, in ta kusa kashi ɗaya cikin goma, a mayar da shi. Ruwan kwaɓi ma haka, rijiyar da ke kusa da teku in ka ɗanɗana ka ji zartsi, ba ta yi ba.

Kwaɓi iri biyu ake yi. Na farko kunun mannewa: SBR kashi ɗaya, ruwa kashi ɗaya, a riƙa barbaɗa siminti ana juyawa har ya yi kaurin kunu. A jiƙa bango tun da wuri ya sha, amma kada ruwa ya riƙa sheƙi a fuskarsa, sannan a shafa kunun da burushi mai tauri ana cusa shi cikin ramukan bulo. Ga inda akasari ake ɓata aiki: dole filasta ta hau kan kunun tun yana danƙo. In ya bushe ya zama kamar leda, maimakon ya riƙe filasta sai ya raba ta da bango. A zafin Legas mintuna kaɗan ne, don haka a shafa iya inda birkila zai rufe nan take, mita ɗaya ko biyu, lebura na gaba yana shafawa, shi yana biye.

Na biyu kwaɓin filasta. Buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne, don haka buhu ɗaya da yashi kwano takwas shi ne 1:4. Takardar jarka sau da yawa tana cewa 1:3, amma a kan tsohon bulo mai rauni na fi son 1:4, saboda filastar da ta fi bulo ƙarfi tana tsukewa ta fizge fuskarsa. SBR lita 5 ga kowane buhu ya isa filastar bango, inda ruwa ke duka sosai a kai lita 10. A gauraya shi da ruwa tukuna, ba a kwarara shi kai tsaye kan busasshen siminti ba, kuma a rage ruwa, don shi kansa yana sa kwaɓi laushi. Buhu ɗaya zai rufe kusan murabba'in mita 9 a kaurin milimita 15. Bango mai tsawon mita 12 da aka sassaƙe mita 1.2 zai ci buhu biyu, da lita 10 zuwa 15 in an haɗa da na kunu. A yi hawa biyu, kowanne bai wuce milimita 8 ba, a karce na farko, washegari a ɗora na biyu. In aka lafta shi da kauri lokaci guda zamewa yake yi.

A hannu yana da ɗan wahala. Yana kama cokali, yana yin fata da wuri, in ka yi ta goga sai fuskar ta yayyage. A kwaɓa kaɗan-kaɗan, kuma kada a ƙara ruwa a wanda ya fara kamawa. Cokali da kwano a wanke su nan take, in ya bushe a kai sai kankara. Ban ruwa ma ya bambanta da na filastar da aka saba: kwana ɗaya zuwa biyu a rufe da jiƙaƙƙen buhu, daga nan a bar shi ya sha iska, don sai ya bushe robar ke haɗuwa.

Inda kwalliya ta fi biyan kuɗin sabulu shi ne linta da fila da bakin dakin, wato rufin kankare, da rodi ya fasa. Iskar teku na kai gishiri har ga rodi, tsatsa ta kumbura ta ninka girman ƙarfen, kankare ya tsage ya faɗo. A sassaƙa har bayan rodin, yatsa ya iya zagayawa, a bi shi har inda tsatsa ta ƙare, a goge ya yi haske, a shafe shi da kunun, a cike da kwaɓin 1:3 hawa-hawa. Rodin da ya sirance a fili, ko tsagar da ta bi layin bulo kamar matakala, ko wadda ta kai milimita 5 tana ƙara buɗewa, wannan maganar tushe ce da nauyin gini, injiniya ake kira.

Sai batun jabu. Akwai farin gam na kafinta da ake tsarma wa ruwa a sayar da sunan SBR, kala ɗaya ne, amma shi laima na sake narkar da shi, ka ga a bangon Legas ba shi da amfani. A shafa kaɗan a kan gilashi, a bari ya bushe kwana ɗaya, a tsoma a ruwa. Na gaske zai tsaya kamar roba yana miƙewa in ka ja, gam kuwa zai yi fari ya yi laushi ya saɓe.

Fenti a jira mako huɗu. Kada a sa fentin mai a gindin bango, shi ma rufe numfashi yake yi, na ruwa wanda aka yi don waje ya fi. In kafin lokacin an ga farin gari ya sake fitowa a kan sabuwar filasta, a goge shi a bushe a ƙara jira mako biyu, in ya dawo a daidai wurin, a koma a duba bututu ko kwatar da ke bayan bangon.