Sharhi Kan Taskar Nobel ta Intanet: Adabin Shekarar 1986

Duk mai son sanin abin da ya wakana a fagen adabi da wasan kwaikwayo a shekarar 1986, ya kamata ya fara leƙa taskar da Gidauniyar Nobel ta tanada a intanet, domin a shekarar ce Wole Soyinka, haifaffen Abekuta, ya zama baƙar fata na farko da ya karɓi lambar yabo ta Nobel a fannin adabi. Shiga taskar kyauta ce, kuma an jera takaitaccen tarihinsa da sanarwar Cibiyar Ilimi ta Suwidin, wadda ke zaɓen wanda za a ba lambar, ba tare da hayaniyar talla ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne cikakken jawabin da ya gabatar a Stockholm, babban birnin Suwidin, ranar 8 ga Disamba, wanda ya sadaukar ga Nelson Mandela alhali Mandela yana tsare a kurkuku, inda ya caccaki mulkin wariyar launin fata ba tare da sassauci ba. Turancinsa mai nauyi ne, sai an karanta a tsanake, amma ɗalibin wasan kwaikwayo zai ga yadda marubucin ke ɗaure fasaha da siyasa.

Sai dai taskar ba ta wuce masu lambar ba. Ba za a sami labarin rasuwar marubuci Jorge Luis Borges na ƙasar Ajantina a birnin Janeba ba, ko ta marubutan Faransa Simone de Beauvoir da Jean Genet a birnin Faris cikin watan Afrilun shekarar. Takardun waɗanda aka zaɓo don takarar ma a rufe suke har tsawon shekara 50, kuma babu fassarar Hausa.