Wasiƙa daga Istanbul zuwa Jos game da hutun iyali na mako ɗaya

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da Hajiya da yara, na samu saƙonka inda ka ce wurin aiki sun ba ka hutun mako ɗaya, kuma kana son ka kawo iyali Turkiyya, wadda za ta zama fitarsu ta farko zuwa ƙasar waje. Ka nemi in faɗa maka yadda kaya da hidimomi suke a nan idan aka gwada da na gida, domin ka san inda za ka sa kuɗinka. A ganina, abin da Istanbul ta fi mu da shi a fili shi ne hidima, musamman sufuri da wutar lantarki da tsarin gari, amma kayan sayarwa ba su kai arahar da ake ba mu labari a kasuwar Terminus ta Jos ba, saboda haka wanda kwanakinsa kaɗan ne ya kamata ya biya kuɗi don ya rage ɓata lokaci, ya rage buri a wajen sayayya.

Mako ɗayan nan ba kwana bakwai ba ne a Istanbul. Daga Jos sai kun yi tafiyar mota ta awa huɗu ko fiye zuwa Abuja, kuma ban ba da shawarar a kama hanyar Akwanga ranar tashin jirgi ba, gara ku kwana a Abuja. Jirgin Turkish Airlines yana tashi daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe kai tsaye zuwa nan cikin awa 6 zuwa 7, kuma agogon Turkiyya yana gaban na Najeriya da awa 2. Idan ka cire ranar zuwa da ranar komawa, abin da zai rage bai wuce kwana huɗu zuwa biyar ba. Akwai tikitin da ke bi ta Alƙahira ko Addis Ababa ko Doha wanda wani lokaci ya fi sauƙin kuɗi, amma zaman jiran jirgi na biyu da yara ƙanana zai ci muku yini guda a zuwa da wani a dawowa, kuma ragowar kuɗin ba za ta biya wannan asarar ba. Da wannan lissafin ne nake roƙonka ka cire Kapadokiya daga tsarin, duk da hotunan balan-balan ɗin da yara suka gani a waya, domin tana da nisan fiye da kilomita 700 daga Istanbul, kuma iska tana iya hana balan-balan tashi ranar da kuka je.

Batun takardu shi ne wanda ba ya jiran kowa. Kowane yaro yana buƙatar fasfonsa da bizarsa, ana neman bizar ta ofishin jakadancin Turkiyya da ke Abuja, kuma kada ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin ta fito. Ka duba kwanan watan ƙarewar fasfon Hajiya tun yanzu, ku kuma riƙe katin rigakafin shawara.

Wurin da zan so ka buɗe hannu shi ne masauki. Filin jirgin Istanbul, wanda aka buɗe a 2018, yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsohon gari, kuma ko da yake akwai jirgin ƙasa na M11 da ke zuwa can, iyali mai akwatuna gara su ɗauki mota guda zuwa ƙofar otal. Ka nemi masauki a unguwar Sultanahmet ko Sirkeci a tsohon gari, kusa da layin taragon T1, wato ƙaramin jirgin ƙasa da ke bi ta kan titi. Ɗakunan otal a wannan yanki ƙanana ne ƙwarai idan aka gwada da abin da irin wannan kuɗi zai samar maka a Wuse ko Garki, kuma mutum biyar ba za su shiga ɗaki ɗaya ba, don haka ka nemi gida mai ɗaki biyu da kicin, wanda zai ba Hajiya damar dafa wa ƙaramin yaronku abin da ya saba ci. Abin da za ka samu a madadin faɗin ɗaki shi ne wutar da ba a ɗaukewa, da ruwan zafi dare da rana, da intanet, ba tare da ƙarar janareta ba. Ka tambaya ko ginin yana da lifta kafin ka biya, domin tsofaffin gine-gine da yawa ba su da ita, unguwar kuma tana da tudu da gangare da titunan dutse da ke wahalar da keken jarirai. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, ba irin namu mai uku ba, sai ku taho da abin haɗawa.

Sufuri ne abin da zai fi ba ka mamaki. Kati ɗaya da ake kira Istanbulkart, wanda ake saye a kuma zuba masa kuɗi a injin tasha, yana aiki a tarago da jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas da jirgin ruwa, ba ciniki, ba neman canji, ba jiran mota ta cika kamar a tashar Bauchi Road. Taragon T1 kaɗai ya bi ta Laleli da babbar kasuwa da Sultanahmet da Eminönü, wato kusan duk inda kuke buƙata. Daga Eminönü jirgin ruwan gwamnati yana tsallake mashigin Bosforus zuwa Üsküdar ko Kadıköy a ɓangaren Asiya cikin minti 20 ko kusa da haka, a kan kuɗi kaɗan, kuma yaran da suka taso a Filato ba su taɓa ganin teku ba za su fi tuna wannan fiye da kowane gidan tarihi. Masu tallar yawon jirgin ruwa za su tare ku a bakin gaɓa da farashi mai ninki da yawa, ba ku da buƙatarsu. Tasi kuwa ita ce mafi raunin hidimomin garin, cunkoson motoci yana da tsanani, wasu direbobin kuma suna ƙin kunna mita idan sun ga baƙo.

Wuraren ziyara suna kusa da juna, amma kowanne yana da ranarsa. Fadar Topkapı, inda aka ajiye alkyabbar Manzon Allah (SAW) da takubban da ake jingina wa sahabbai, tana rufe ranar Talata, babbar kasuwar Kapalıçarşı kuma tana rufe ranar Lahadi. Ayasofya, wadda aka gama ginawa a shekarar 537 a matsayin coci, ta zama masallaci a 1453, ta koma gidan tarihi a zamanin Atatürk, shugaban Jamhuriyar Turkiyya na farko, sannan aka dawo da salla a cikinta a 2020, tana fuskantar masallacin Sultanahmet mai hasumiya shida, sai ku haɗa su a yini ɗaya. Masallatai irin su Sultanahmet da Süleymaniye da Eyüp Sultan, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, ba a biyan kuɗin shiga, suna da wurin alwala da sashen mata. Fadoji da gidajen tarihi ne ke da tsada, domin baƙo yana biyan ninki da yawa na abin da ɗan ƙasa ke biya, don haka ka zaɓi Topkapı kaɗai ka bar sauran.

A wajen abinci gida ya fi sauƙi a abubuwa da dama. Burodi da simit, wato zagayayyen burodi mai riɗi, da shayi da zaitun da cuku suna da araha, amma jan nama yana da tsada sosai, kuma abin da za a sa maka a faranti ba zai kai tsiren da ka saba saye da yamma ba. Kayan lambu a kasuwar mako suna da kyau da tsafta, sai dai wanda ya saba da tumatir da kabeji da dankalin kasuwar Farin Gada ba zai ga abin mamaki ba. Girkinsu ba shi da yaji, ku taho da naku da ɗan kilishi idan an bari ya wuce, akwai kuma gidajen abincin 'yan Afirka a Aksaray idan yara sun ƙi cin komai. Mutanen garin da yawa ruwan gora suke sha, ba na famfo ba. Kantin magani yana da tsari, kowace unguwa tana da wanda ke kwana a buɗe bisa juyi, amma ba sa ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da takardar likita, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma ba a cika samunsa ba, saboda haka ku saya a Jos.

Na san Hajiya ta riga ta karɓi saƙonnin 'yan uwa, shi ya sa zan yi bayanin sayayya dalla-dalla. Shagunan Laleli da Merter, inda 'yan kasuwarmu ke sarin dogayen riguna da kwat da takalma, na sari ne, suna sayar da samfuri ɗaya a jere daga ƙaramin lamba zuwa babba, kuma da yawansu ba za su cire maka guda ɗaya ba. Arahar da ake ji tana ga mai sayen da yawa ya tura ta kago. Hauhawar farashi a Turkiyya ta haura kashi 85 cikin ɗari a watan Oktoban 2022, kuma masu shaguna a wuraren baƙi suna faɗin farashi da dala ko yuro, don haka wanda ya canza naira zai ji nauyin sau biyu. Kayan yara a shaguna irin su LC Waikiki suna da inganci kuma farashinsu a rubuce yake, tawul da zanen gado da sallaya ma sun cancanci a saya. Waya da kwamfuta sun fi tsada a nan saboda haraji, kada ka ko tambaya. Gwal yana bin farashin duniya, bambancin yana ga kuɗin ƙira ne kawai. Shadda da atamfa kuwa a bar su ga Kantin Kwari. Ka ware wa kasuwa yammaci ɗaya, ranar da ta gabaci tafiya, bayan ka duba kilo nawa tikitinku ya yarda da shi.

Ka taho da dala ko yuro a hannu, domin 'yan canji suna ko'ina kuma na cikin gari sun fi na filin jirgi farashi, sannan ka tambayi bankinka ko katinka zai yi aiki a waje da kuma iyakar abin da za ka iya cirewa. Idan hutun Disamba kuka zaɓa, sanyin nan ya wuce na hunturun Jos kuma yana zuwa da ruwan sama, rana tana faɗuwa da wuri, dole kowa ya samu rigar sanyi mai kauri da takalmi rufaffe. Idan dogon hutun Agusta ne, akwai zafi da cunkoson baƙi, otal kuma yana ƙara kuɗi. Da zarar biza ta fito ka turo mini ranakun, zan je in duba gidan da idona kafin ka biya. A gaishe da Hajiya da yara, a kuma miƙa gaisuwata ga Inna.