Abin da Mai Ciwon Ƙoda Ya Kamata Ya Duba Kafin Ya Sayi Kayan Abinci

Wanda likita ya shaida wa cewa ƙodarsa ta fara rauni, ko mai kula da irin wannan majinyaci, yakan tsaya a gaban kayan abinci yana jujjuya gwangwani a hannu, ya rasa wanda zai ɗauka. Wahalar zaɓin ta samo asali ne daga cewa abincin da ake yabawa ga mai lafiya ba lallai ne ya dace da shi ba, domin ƙodar da ta raunana ba ta iya fitar da rarar sinadaran sodiyam da fotasiyam da fosforas da ke cikin abinci yadda ya kamata, sai su taru a cikin jini. Saboda haka, kafin a fita sayayya a san matakin ciwon da sakamakon gwajin jini na baya-bayan nan. Wanda ma'aunin tacewar ƙodarsa yake tsakanin 30 da 59, wato mataki na 3, buƙatarsa ta sha bamban da ta wanda ya sauka ƙasa da 15 ko ya riga ya fara wankin ƙoda.

Zaɓin da ya fi damuna shi ne na gishiri. Ƙa'idojin shekarar 2024 na KDIGO, ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai tsara ƙa'idojin kula da ciwon ƙoda, sun shawarci mai ciwon ƙoda da kada sodiyam ɗin da yake ci ya kai giram 2 a rana, wanda ya yi daidai da gishiri kimanin giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Da jin haka, mutane da yawa sukan koma ga gishirin da aka rubuta wa cewa an rage masa sodiyam, suna ganin sun yi dabara. Matsalar ita ce, galibin irin wannan gishiri an cike gurbin sodiyam ɗinsa ne da fotasiyam, kuma a jerin abubuwan da aka haɗa shi da su za a ga KCl ko lambar E508. Ga mai hawan jini wanda ƙodarsa take lafiya, wannan gishiri yana da amfani, amma ga wanda ƙodarsa ta gaza yana iya ɗaga fotasiyam na jini ya wuce iyakar da ake so, wato 3.5 zuwa 5.0, har ya rikita bugun zuciya ba tare da wata alama ta gargaɗi ba. Haɗarin yana ƙaruwa idan majinyacin yana shan magungunan hawan jini irin su lisinopril ko losartan, waɗanda su ma suke riƙe fotasiyam a jiki. A ganina, gara a sayi gishiri na yau da kullum a riƙa auna shi da cokali, a cike giɓin ɗanɗano da tafarnuwa da albasa da citta da ruwan lemon tsami, da a ɗauki wancan ba da izinin likita ba.

Idan an zo kan kayan gwangwani da na leda, a duba adadin da aka rubuta na kowane giram 100, domin shi ne yake ba da damar kwatanta kaya biyu daidai wa daida. Wasu kamfanoni sodiyam suke rubutawa, wasu kuma gishiri, kuma ana mayar da sodiyam gishiri ne ta hanyar ninka shi sau biyu da rabi. A tsarin da ake bi a Birtaniya, abin da gishirinsa bai wuce giram 0.3 ba yana da ƙaranci, wanda kuma ya haura giram 1.5 ya yi yawa. Dunƙulen ɗanɗano da taliyar leda mai garin miya a ciki suna daga cikin waɗanda gishirinsu ya fi yawa. Idan dole ta sa an sayi wake ko kifin gwangwani, a tsiyaye ruwan a ɗauraye shi sosai.

Batun nama yana da fuska biyu, wato yawan furotin, sinadarin gina jiki, da kuma fosforas. Wanda bai fara wankin ƙoda ba, ana so ya tsaya a kan kimanin giram 0.8 na furotin ga kowane kilo na nauyin jikinsa a rana, don haka mai nauyin kilo 60 zai nemi giram 48 ke nan. Wanda yake wankin ƙoda kuwa buƙatarsa takan hau zuwa giram 1.0 ko 1.2, saboda injin yana tafiya da wani kaso na abin da ke gina jiki, kuma rage masa nama da sunan kariya ramar da shi kawai zai yi. A kowane hali, ɗanyen nama ko kaza ko kifi da za a dafa a gida ya fi naman da aka sarrafa aka saka a leda, domin ana zuba wa na biyun sinadaran fosfet don ya riƙe ruwa ya kuma daɗe bai lalace ba. Jiki yakan tsotse kusan dukkan irin wannan fosforas da aka ƙara, alhali na cikin wake da hatsi ƙasa da rabinsa ne yake shiga jini. Ba kasafai ake rubuta yawansa a kan kwali ba, sai dai a bi jerin sinadaran da ido ana neman kalma mai haruffan "phos", ko lambobi daga E338 zuwa E341 da kuma E450 zuwa E452. Baƙin lemon kwalba nau'in kola yana ɗauke da E338. Farin ƙwai kuma ya cancanci a riƙa tunawa da shi, tunda akasarin fosforas ɗin ƙwai yana cikin ƙwanduwa ne.

Game da 'ya'yan itatuwa da kayan lambu, ba kowane mai ciwon ƙoda ne aka hana wa ba, kuma yana ɓata mini rai idan na ga an raba majinyaci da su baki ɗaya alhali gwajinsa bai nuna fotasiyam ya hau ba. Idan ya hau, to a nan ne kwatancin yake da amfani. Giram 100 na ayaba yana ɗauke da fotasiyam kimanin miligiram 360, na tuffa ko abarba kuwa kimanin 110 ne. Busasshen dabino da ruwan kwakwa da tumatirin gwangwani duk suna da shi da yawa. Dankalin turawa ana iya rage masa kusan rabi idan aka fere shi, aka yayyanka ƙanana, aka tafasa a ruwa mai yawa sannan aka zubar da ruwan. Ɗan itacen da babu rangwame a kansa shi ne karambola, wanda idan aka yanka shi yake fitowa da siffar tauraro. Yana da gubar da ƙoda mai rauni ba ta iya fitarwa, wadda take jawo shaƙuwa mara tsayawa da ruɗewa da farfaɗiya, don haka ko a cikin lemon kwali aka ga sunansa a jerin kayan haɗi, a mayar da shi inda aka ɗauko.