Kantin Magani a Jekadafari da Ba Ya Miƙa Inhela Sai An Yi Tambaya

A unguwar Jekadafari da ke Gombe akwai wani kantin magani da nake sayo wa mahaifina magungunansa, kuma ba arha ce take kai ni can ba, domin kuɗinsa ya ɗara na kemis ɗin unguwarmu. Abin da ke kai ni shi ne akwai ƙwararriyar mai harhaɗa magunguna a zaune, lasisin PCN, hukumar da ke kula da harkar harhaɗa magunguna a Najeriya, yana rataye a bango, kuma ba ta ba mai asma inhela sai ta ji sauran magungunan da yake sha.

Mahaifina yana fama da hawan jini da asma. Da hunturu ya shigo da ƙurarsa, shuɗiyar inhelarsa ta Ventolin, wato salbutamol mai feshi 200, ta riƙa ƙarewa da wuri, ƙirjin kuma ba ya buɗewa kamar da. Da muka je sayen sabuwa sai ta ce, "Baba, don Allah a zazzage mini duk abin da ke cikin ledar nan." Ta jera kwalayen a kan kanta, ta ture amlodipine gefe tana cewa wannan ba shi da rigima da inhela, sannan ta ɗaga wani katin propranolol, maganin hawan jini, da ya saya bisa shawarar abokinsa na masallaci.

Bayanin da ta yi shi ne ya sa na ga kantin ya cancanci yabo. Salbutamol yana sassauta tsokar da ke zagaye da hanyoyin iska a cikin huhu, shi kuwa propranolol yana toshe daidai wurin da salbutamol yake kamawa, saboda haka yana iya shaƙe numfashin mai asma, ya kuma hana inhela yin tasiri a daidai lokacin da ciwon ya tashi. Ta ce atenolol da bisoprolol, 'yan gidan propranolol, sun fi karkata ga zuciya, amma ko su sai da sa idon likita, kuma hatta ɗigon ido na timolol da ake ba masu hawan jinin ido ɗan gidansu ne, yana iya jawo irin wannan matsala. Ta ƙara da cewa magungunan da ke sa yawan fitsari, irin su furosemide da hydrochlorothiazide, suna rage sinadarin potassium a jini, yawan shaƙar salbutamol ma haka, don haka haɗuwarsu tana buƙatar gwajin jini lokaci-lokaci. Lisinopril kuwa, wani maganin hawan jini, yakan kawo busasshen tari da mutane kan ɗauka asma ce ta motsa.

Na fi yaba mata da ta tsaya iya huruminta. Ba ta sauya masa magani da kanta ba, ta kuma gargaɗe shi kada ya yanke propranolol farat ɗaya, domin zuciya na iya rikicewa jini ya haura. Ta auna jininsa, ta rubuta takarda zuwa ga likitansa a Asibitin Koyarwa na Tarayya, ta ce mu tafi a ranar. Kafin mu fita ta nuna mini lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi a jikin sabuwar inhelar.

Duk da haka kantin yana da nasa gyaran. Benci ɗaya ne kacal, tsofaffi kan daɗe a tsaye, kuma babu farashi a rubuce a jikin kaya. Babban aibinsa shi ne bayan magariba ba ta nan, yaran shagon kuwa duk abin da mutum ya ambata miƙo masa suke yi ba tare da tambaya ba. Mai hawan jini da asma ya je da hantsi, ya tafi da duk magungunansa har da ɗigon ido.