Summerhill da Putney: wane 'yanci kowacce take ba yaro?

Malama, kin ce kina jin ana ambaton Summerhill ta Ingila da Putney ta Amurka a matsayin ƙananan makarantun kwana masu sakar wa yaro mara, kina son sanin ko tafiyarsu ɗaya. Ba ɗaya ba ce. Abin da wannan ta sassauta, shi waccan ta riƙe da ƙarfi.

Summerhill ce babba a shekaru. Wani malami ɗan Sikotilan, A. S. Neill, ya fara ta a 1921 a Hellerau kusa da Dresden a Jamus. Ta yi ɗan zama a Ostiriya, ta koma Lyme Regis a kudancin Ingila, inda ta samo sunanta daga gidan da ta zauna, sannan a 1927 ta tare a garin Leiston cikin yankin Suffolk na gabashin Ingila, inda take har yau. Neill ya rasu a 1973, matarsa Ena ta riƙe, a 1985 kuma 'yarsu Zoë Readhead ta karɓa. Kusan a ce gadon gida ce. Putney kuwa mace ce ta kafa ta, Carmelita Hinton, a 1935, a kan wata gona mai suna Elm Lea a kudancin jihar Vermont. Hinton ta taɓa aiki da mai fafutukar kyautata rayuwar al'umma Jane Addams a Hull House, cibiyar taimakon talakawa ta Chicago, kuma tunanin masanin ilimi John Dewey na cewa yaro da hannunsa yake koyo ya yi tasiri a kanta.

A wajen karatu ne suka raba gari. A Summerhill akwai jadawali, akwai malamai, amma shiga aji ba dole ba ne. Yaro na iya shafe watanni yana hawan bishiya ko yana sassaƙa a ɗakin kafinta, ba mai cewa uffan. Hujjar Neill ita ce yaron da ya ƙoshi da wasa, ranar da ya nemi karatu da kansa zai yi shi da sauri. Da yawansu kan zauna jarrabawar GCSE ta sakandaren Ingila idan sun girma, amma da zaɓinsu. A Putney ba wannan zancen. Ɗalibai 'yan shekara 14 zuwa 18 ne, aji dole, kuma makarantar tana shirya su ne don jami'a. Abin da ta cire shi ne gasar maki. Malami kan rubuta bayani a kan aikin ɗalibi, inda ya yi ƙoƙari da inda ya gaza, ba a nuna masa makinsa sai ya kusa neman jami'a. Ke da kika saba da iyaye masu tambayar "na nawa ya zo?" tun kafin su buɗe takardar sakamako, kin san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sau biyu a shekara kuma ana ajiye darussa, kowa ya zaɓi aikin da yake so ya duƙufa a kansa har ya kammala.

To idan ba aji dole a Summerhill, me ke riƙe da yara? Taro. Makaranta duka takan zauna, yaro ɗan shekara shida da shugabar makaranta kowa ƙuri'arsa ɗaya, kuma sau da yawa ɗalibi ne ke jagorantar zaman. Nan ake kafa doka, nan ake kawo ƙarar wanda ya ɗauki keken wani ba izini ko ya hana mutane barci, nan ake yanke tara. Dokokinsu sun haura ɗari, don haka masu cewa wurin ba doka ba su san shi ba. Abubuwa kamar ɗaukar malamai, kuɗin makaranta da sha'anin tsaron lafiya ne taron ba ya taɓawa.

Wannan tsari ya taɓa kai su kotu. A 1999 masu duba makarantu na Ofsted suka rubuta rahoto mai zafi, gwamnati a lokacin da David Blunkett ke ministan ilimi ta nemi a gyara, har da batun barin aji ga zaɓin yaro. Makarantar ta ƙi, aka je gaban alƙalai a Landan a watan Maris na 2000. Bayan 'yan kwanaki gwamnati ta nemi sulhu, yaran kuma suka yi taronsu a cikin ɗakin shari'ar, suka kaɗa ƙuri'a kafin a amince. A ganina wannan labari ya fi duk wani bayani nuna yadda suka ɗauki taron da gaske.

A Putney abin da ke riƙe yaro aiki ne. Akwai garken shanun madara, kuma kafin ɗalibi ya gama sai ya yi zangonsa na tashi da sassafe ya kwashe kashin shanu, ya ba su abinci, ya taimaka wajen tatsa, ko da dusar ƙanƙara ta rufe gari. Haka wanke-wanke a kicin da shara da aikin lambu. Ba horo ba ne na mai laifi, ɗan attajiri da mai tallafin karatu layi ɗaya suke bi. Duk mako kuma makaranta gaba ɗaya takan taru a rera waƙa tare.

Harabarsu ma ta nuna halinsu. Summerhill tsohon gida ne na jan bulo da fili da bai wuce eka goma sha biyu ba, da ɗan kurmi da wurin ninkaya, yara ba su kai ɗari ba. Manyan cikinsu suna kwana a sashen da har yanzu ake kira da sunan taragun jirgin ƙasa, don a da cikin tsofaffin taragu ake kwana. Putney tana kan tudu da eka kusan 500 na gona da daji, ɗalibai ɗari biyu da 'yan kai, kuma a 2009 ta buɗe zauren wasanni da hasken rana ke samar masa da wutar da yake ci a shekara.

Da za a ce in ɗauki abu guda in gwada a ajinki, taron Summerhill zan ɗauka, don ba ya cin ko sisi. Barin aji ga zaɓin yaro kuwa yana tafiya ne a inda yara kaɗan ne, manya suna zaune da su dare da rana.